Silifar da ke gaban firiza

Zuwa ga jami'in da ke da alhakin duba wayarin wuta a gidajen jama'a, a Birnin Kebbi da Argungu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka da waɗanda ke ƙarƙashinka. Ka gafarce ni da ban ambaci sunanka ba, ban san shi ba ne. Na yi tambaya, an tabbatar mani akwai ka, an ce doka ta ɗora maka duba wayarin gida kafin a jona masa wuta. Amma ban samu mutum ko ɗaya a unguwarmu da ya taɓa ganin ka a ƙofar gidansa ba. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Sunana Umaru, tsohon malamin firamare ne ni, yanzu ina noman shinkafa a fadamar Zauro, ina zaune a Gwadangaji. Mai ɗakina Kulu ta rasu a daminar da ta wuce, wutar gidanmu ce ta kashe ta. Ga yadda abin ya faru.

Na farko. Da na gama ginin gidana, magini ne ya kawo mani mai wayarin, ya ce yaronsa ne, hannunsa na da kyau. Ya fasa bango, ya zura wayoyi, aka yi filasta aka rufe. Aka zo aka jona wuta, ƙwai ya kama, muka yi hamdala. Babu wanda ya nemi ganin takardarsa, babu wanda ya buɗe soket ɗaya ya leƙa. Ni kuwa alli na sani, ban san waya nawa ya kamata su shiga bango ba.

Na biyu. Kulu ta sayi firiza da kuɗin adashinta, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Wanda ya san zafin Birnin Kebbi ya san wannan sana'a ce mai rufa asiri. Ba a jima ba firizar ta fara jan mutum idan ya taɓa murfinta, ja kaɗan, kamar cizon cinnaka. Na kira mai wayarin. Ya taɓa, ya yi dariya, ya ce ai duk firiza haka take, a ɗora ta kan katako, mai buɗewa kuma ya riƙa sa silifar roba. Na tambayi wani mai gyaran wuta a kasuwa, ya ba ni amsa iri ɗaya. Na leƙa gidajen maƙwabta, na tarar kowa da katakonsa da silifarsa. Haka muka ware silifa shuɗiya muka ajiye gaban firiza, ta zama doka a gidan, har baƙi Kulu ke tuna wa. Da damina ta kama, abin nan mai yanke wuta da ke jikin bango ya riƙa faɗuwa duk sanda aka yi ruwa. Mai wayarin ya dawo, ya ce ya cika tsoro ne, ya tsallake shi da waya kai tsaye don mu huta da duhu. Har godiya muka yi masa.

Ranar da abin ya faru ina fadama. An yi ruwa bayan azahar, tsakar gida duk ta jiƙe. Kulu ta yi alwalar la'asar, ƙafarta da hannunta da lema, sai ga maƙwabciyarmu ta shigo neman ƙanƙara. Silifar ba ta wurin, ruwa ya kwashe ta zuwa bakin magudana. Maƙwabciyar ta ce mani Kulu ta dubi silifar daga nesa, ta ce ƙulli ɗaya ne kawai, bari ta miƙo. Ta kama murfin, hannunta ya ƙi saki. Matar ta yi hankali ba ta taɓa ta ba, ta ɗauko taɓarya ta ture ta, amma kafin keke mai ƙafa uku ya kai Kulu asibiti rai ya yi halinsa. Aka aiko mani ina cikin ruwa har gwiwa. Mun yi zaman aure mai tsawo da Kulu, ban taɓa jin ta ɗaga wa wani murya ba, kuma har yau idan la'asar ta yi gidan yakan yi mani girma.

Na uku. Masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ni musulmi ne. Amma bayan sadakar arba'in na ɗauko wani mai aikin wuta da ya yi karatun abin, ya kwance soket ɗaya bayan ɗaya a gabana. Kowanne waya biyu ne a ciki, rami na uku fanko. Ya ce a nan ne wayar ƙasa ke zama, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe a binne, don idan wuta ta zubo a jikin firiza ta bi ta can maimakon ta bi jikin mutum. Muka haƙa inda ya kamata sandar ta kasance, babu komai sai yashi. Ya ce ja ɗin nan da muke ji gargaɗi ne, faɗuwar abin yanke wuta ma gargaɗi ne, an rufe bakin ɗaya da silifa, an rufe na biyu da waya. Ya ce duk wannan a rubuce yake cikin ƙa'idar aikin. To ranka ya daɗe, idan a rubuce yake, wa aka ba riƙonsa? Mai wayarin nan yana nan yana aiki, na gan shi da tsani a wani sabon gini a Gesse. Ban kai shi ƙara ba, domin ina jin shi ma haka maigidansa ya koya masa.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yata Luba tana aure a Argungu, gidan haya suke. Kwanan baya na je duba ta. Ina shiga falo idona ya faɗa kan firij a bisa katako, da silifa a jere gabansa. Na nuna wa Luba silifar. Luba, wadda ta wanke gawar uwarta da hannunta, ta ce mani, "Baba, duk shiyyag ga haka muka yi." Na zare filogin, na sa ta yi mani alkawarin ba za ta mayar ba. Sai mijinta ya gaya mani ba firij kaɗai ba ne, ƙofar ƙarfe da ƙarfen taga su ma suna ja idan an yi ruwa. Muka je wurin mai gidan, na ce ni zan ɗauki nauyin gyaran. Ya karɓe mu da mutunci, amma ya ce ba za a fasa masa bango kan zancen tsoro ba, mai gyaransa ya ce lafiya lau, sai in hukuma ce ta zo ta ce akwai matsala. Su kuma ba su da halin tashi yanzu. Hukumar da yake jira kai ne.

Saboda haka ina roƙon ka, don Allah, ka turo wanda zai gwada wannan gida na Argungu kafin ruwa ya sauka, ya ba mai gidan takarda a hannu. Zan bar kwatance a wurin mai unguwarmu. Ina roƙo kada a ƙara jona wa sabon gida wuta sai an ga wayar ƙasa da sandarta da ido, an gwada abin yanke wuta. A tantance masu wayarin, wanda bai iya ba a koya masa, wanda ya tsallake abin yanke wuta a hukunta shi. Sannan a shiga rediyo da Hausa, a roƙi limamai su faɗa ranar Juma'a, cewa kayan wuta da ke jan mutum ba halinsu ba ne, a kashe su a kira wanda ya sani. Mutanenmu ba taurin kai ne da su ba, abin da aka gaya masu suke bi.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya tsare gidanka daga irin saƙon da ya same ni a fadama. Allah ya jiƙan Kulu, ya jiƙan namu da naka. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ranka ya daɗe. Ɗan Luba ya fara rarrafe, yana kama ƙofar ƙarfen nan yana miƙewa, kuma mai rarrafe ba ya sa silifa.

Wassalam.

Umaru, Gwadangaji, Birnin Kebbi.