Kada a Sayar da Jirgina

Mancesta, Ingila
Janairu, 1984

Yaya Sahabi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ina Tamada da yara? Ni lafiya lau, sai dai nakan wuni ban yi magana da kowa ba.

Ka ce Inna na tambayar aikin da nake koyo. Injin zuƙe iska ne daga tulun ƙarfe. Ana dafa wani mai a gindinsa, tururin ya feso da ƙarfi ta ƙananan kafofi, yana kora iska ƙasa kamar yadda muke kora kifi cikin taru, wani injin ya kwashe ta. Da tururin ya taɓa bangon da ruwan sanyi ke zagayawa, sai ya koma mai, ya gangaro tukunyarsa. Nakan daɗe tsaye wurin, don nan na fi jin ɗumi.

Na ji kuna shawarar sayar da jirgina, wai yana tsagewa a bakin ruwan Yelwa. Don Allah ku bari. A ba Jibrin ɗanka ya riƙa fita kamun kifi da shi. Man nan ma, in ya sha sanyi, tukunyarsa yake komowa.

Allah ya gama fuskokinmu.

Ƙanenka,
Maliki