Dabinon Marigayiya Inno da Gatarin Audi Masinja

Zuwa ga:
Mai Girma Alƙalin Birnin Sakkwato, Allah ya ƙara masa daraja.

Daga:
Malam Haliru ɗan Modibbo Sambo, mazaunin unguwar Ƙofar Dundaye.

Ranar Laraba, 5 ga Rabi'ul Awwal, 1331, wadda a lissafin Nasara take 12 ga Fabrairu, 1913.

Game da: Sare mini dabino ɗaya a cikin gidana, da barazanar sare biyun da suka rage.

Allah ya gafarta Malam, bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwar girmamawa, ina kawo kukana a kan maƙwabcina na gabas, Audi, wanda yake aikin masinja a wajen Nasara a Bariki. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba tun da aka haife ni, kuma da akwai wata hanya da ban fara da furfura a kaina ba.

1. A tsakar gidana akwai dabino uku, namiji ɗaya da mata biyu. Ni da matata Inno, Allah ya ji ƙanta, muka dasa su tun kafin zuwan Nasara da shekaru masu yawa. Daga hannun Buzaye fatake muka samo 'ya'yan itatuwan, an naɗo su cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ni na haƙa ramukan, amma gaskiya ita ta raine su. Ko ruwan alwala ba ta yarda a zubar ko'ina sai a gindinsu, kuma ta sha korar akuya da muciya a kansu. Ta ci 'ya'yansu damina biyar kafin ta rasu. Cikin kayan duniya, abin da ta bar mini ke nan wanda yake numfashi.

2. Malam ya san macen dabino ba ta haihuwar kirki sai an hau an ɗebo furen namiji an ɗaura mata. Haka kuma ya san al'adar garin nan: tunda wanda ya hau dabino yana iya hango cikin gidajen mutane, ba a hawa sai an aika wa maƙwabta, sa'an nan mai hawa ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce, "A shiga ɗaka, za a hau!" Haka muka yi da Malam Sidi, wanda ya fara zama a gidan da ke gabas da ni, shekara da shekaru, ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninmu ba, har ya rasu magada suka sayar wa Audi gidan bara.

3. Ranar Asabar, 1 ga wannan wata, da hantsi, na kira Lawwali mutumin Dundaye, dattijo mai jikoki, wanda shi yake hau mini kowace shekara. Na aiki 'yata Sadiyatu ta shiga ta gaya wa matan gidan Audi, suka amsa, suka shige ɗakunansu. Lawwali ya yi kira kamar yadda aka saba, kana ya hau namijin. Yana can sama Audi ya dawo daga Bariki. Bai yi sallama ba, bai tambayi iyalinsa ko an sanar da su ba. Ya kutso cikin gidana da takalmansa har inda 'yata take, shi da yake kukan an keta masa haddin gida, ya tsaya yana zagin dattijo har ya sauko.

4. Washegari Lahadi, ina makaranta tare da ɗalibai, ya zo da mutum biyu da gatari suka sare namijin. Faɗuwarsa ta rushe mini kusurwar katanga da rumbun gero. Da maƙwabta suka taru suna ba shi baki, cewa ya yi, "Ni ad da bakin Bature ga unguwag ga." Na je wurin mai unguwa, ya ba ni haƙuri, ya kuma ba ni haƙuri, na gane tsoro yake ji, ban ga laifinsa ba. Ni dai ban san Bature ya taɓa jin labarin dabinona ba, kuma ina shakkar ko ya aiko a sare shi.

5. Yanzu Audi ya rantse a gaban shaidu cewa duk ranar da wani ya sake hawa, matan dabinon biyu ma sai sun kwanta. Lawwali ya ce ko da me za a ba shi ba zai ƙara taka gidana ba. Ga shi furen matan ya tsage, kuma ba ya jiran kowa. Na tsince furen namijin daga inda ya faɗi, na shanya shi a inuwa, yana nan cikin ƙwarya a ɗakina. Shi ne na ƙarshe da zai taɓa yi. In kwanakin nan suka wuce, ya tafi a banza. Wallahi, Allah ya gafarta Malam, na binne mutane da yawa da hannuna, amma ranar da na shafa kututturen nan na ji danshinsa, sai da na zauna a ƙasa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Alƙali, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, da ya kira Audi ya hana shi kusantar itatuwan da suka rage, ya kuma tambayi matan gidansa ta bakin wadda ya amince da ita ko an sanar da su ko ba a sanar ba. Katanga da rumbu na yafe. Namijin kuwa babu hukuncin da zai tayar da shi.

Roƙona na ƙarshe shi ne a ba ni izinin hawa kafin Juma'a. In Audi idon mai hawa yake tsoro, to ni zan hau da kaina. Cutar yana ta riga ta rufe mini ido, rana ma sai dai in ji zafinta. Na haura saba'in, ban taɓa hawa ko tsani ba, amma Sadiyatu za ta ɗaura mini igiya, in laluba. Babu abin da zan gano a gidan kowa. In na faɗo, kada a kama kowa da laifi.

Allah ya ja zamanin Malam, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Naka mai biyayya,
Malam Haliru ɗan Modibbo Sambo.
Na faɗa da bakina, ɗalibina Buhari ya rubuta, na dangwala yatsana.