Ranar da Jallabiya Ta Rufe Mini Fuska

Zuwa ga Shatu, sanyin idona, furen garin Ɗa'if da raɓa ta kwana a kansa, inuwar da Allah ya ajiye mini a tsakiyar zafin Makka, ruwan saman da ke sauka kan duwatsunmu sau ɗaya a shekara har gari ya fito kallo! Sallama irin ta mai laifi, daga mijinki da wuyansa ya daina juyawa.

Kin san ni. Ni ne Awwalu Tsoho, wanda ya tura keken alhazai tsakanin Safa da Marwa shekara tara ba wanda ya kama masa. Ni na kafa tukubar tsire a unguwar Mansur da hannuna biyu, yau ga shaguna uku. Larabci a titi na tsince shi, Turkanci a bakin tsofaffin da na tura, tuƙin mota ma ba wanda ya zauna kusa da ni. Daga aji uku na sakandare na sallami malamai, ban sake neman ko ɗaya ba. To wannan gwarzon ne yau yake rubuto miki da takunkumin asibiti a wuya, in an kira shi daga baya sai ya juyo gaba ɗaya kamar firiji.

Kin tuna saman benenmu na unguwar Tandabawi, kafin mu koma Ka'akiyya? Shekara goma sha ɗaya ke nan, bayan haihuwar autarmu, da bayanki ya riƙe likita ta nuna miki yoga. Kina shimfiɗa tabarmar roba bayan asuba, tantabarun Harami na jeruwa kan katanga, ni ina riƙe miki waya kina bin matar da ke ciki. Kina lanƙwasa kamar reshen dabino a iskar safe, kina miƙewa kamar hayaƙin turare! Ban taɓa faɗa miki ba, da gangan nake karkata wayar don ki ce in gyara, ki dube ni.

Wane shaiɗan ne ya hau harshena ranar Juma'ar nan? Kin dawo daga Jidda bayan makonki na farko a horon malaman yoga, awa ɗari biyu da kika ɗaura wa ɗamara a wurin Ustaza Ghada. Muna zaune kan sufurar cin abinci, ga Hajiya mahaifiyarki, ga yayanki Mukhtaru, fuskarki na haske kamar wata ɗan sha huɗu, kina ba mu labarin an mai da ke farko, mako guda cur ana koya miki tsayuwa da numfashi, kuma sai yanzu kika gane abin da kike yi. Sai na tuntsire da dariya. Na ce shekara goma sha ɗaya, a ƙarshe sai an je Jidda koyon abin da jinjiri ya iya ranar haihuwarsa? Na ce mafi wuyar abin naku tsayuwa da ka ne, kuma yanzu zan yi ta ba malami.

Na yi kuwa. A bar wa tarihi, ƙafafuna sun kai sama, sun ma daɗe kamar ƙiftawar ido uku. Abin da ban lissafa ba, masu yin abin ba sa yinsa da jallabiya. Ta zubo ta rufe mini fuska, tsohon wandon nan mai faci ya gaisa da surukata, na rufta kan faranti da butar shayi, wuyana ya ce ƙas. Hajiya ta ja mayafi tana salati, kafaɗunta na rawa. Mukhtaru har ya ƙware. Kowa ya yi dariya ban da ke. Kin kai ni asibiti, kin koma Jidda gidan ƙanwarki Rim, yau mako shida ba ki taka gidan nan ba. Yanzu Rim ta ce Ustaza Ghada ta yi miki tayin zama can ki koyar tare da ita, kuma ba ki ce a'a ba.

Habibti, hasken gidana, wa zai zauna inda ake yi wa aikinsa dariya? Ban ga laifinki ba. Amma ji yadda Allah ya rama miki. Likitan gashin ƙashi ya kwantar da ni ya ce in ja numfashi har ciki na minti biyar. Ko ɗaya ban kai ba! Ya ce ina numfashi kamar mai tura kaya a hawan dutse. Shekara hamsin da uku ina abin da jinjiri ya iya, ashe ban iya ba. Kwanciyar nan kuma ta tuna mini abin da na tsallake a lissafin can na sama: yajin da ya tara mini jama'a a Mansur haɗinki ne, ƙafar da ta yi Safa da Marwa ke kike gasa ta da ruwan zafi. Ni kaɗai? Ƙarya nake, kurciyata, ƙaryar da na daɗe ina yi har na yarda da ita.

Na kwashe kujerun majalisata, ɗakin da nake taƙama da shi. Tabarma goma sha biyu ke shimfiɗe a ciki suna jiran matan Ka'akiyya da za ki koyar, Hajiya ce ma ta fara zaɓar ta kusa da taga. Ranar aji zan bar gidan, bakina a rufe. Alhamis kike karɓar takardar shahadarki. Zan tsaya a tashar jirgin ƙasa daidai bakin ƙofa, don Allah ki ɓullo ta gabana, in kika bi ta gefe ba zan gan ki ba.

Naki ne ni har ranar da wannan numfashin da ban iya ba zai ƙare. Sharaɗina ɗaya, ba na janye shi: littafin ɗalibanki, layin farko nawa ne. Na san ajin mata ne, ki koya mini a saman bene bayan asuba, na sayi wando. Amma ki rubuta da manyan baƙaƙe, sama da sunan Hajiya: Awwalu Tsoho, ɗalibi na ɗaya, ajin numfashi.