Kwalbatin da Aka Binne a Hanyar Bungudu

Zuwa ga Injiniya mai kula da gyaran hanyar da ta taso daga Tsafe ta ratsa Gusau ta wuce Bungudu.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. A miƙa mini gaisuwa ta musamman ga dattijon masinjan da ke ƙofar ofishinka, domin a zuwa huɗu da na yi, shi ne jami'i mafi girma da Allah ya ba ni ikon gani. Ya tabbatar mini cewa wasiƙuna biyu na baya suna cikin fayil, kuma suna nan lafiya. Na yi murna da jin haka. Wannan ta uku na ga ya fi kyau in buɗe ta a gaban jama'a, ko ta sha iska.

Ni malamin makaranta ne a Gusau, labarin ƙasa nake koyarwa. An haife ni a wani ƙaramin gari da ke bakin wannan hanya, tsakanin Gusau da Bungudu, kuma har yau mahaifiyata tana can tare da yayana Mamman, manomi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, leburan hanya ne. Saboda haka abin da zan faɗa ba a littafi kaɗai na karanta shi ba.

Na ɗaya. Wataƙila a ofis wannan hanya layi ce a kan takarda, don haka bari in gabatar maka da ita. Tana shigo mana daga wajen Funtua, ta bi Tsafe, ta wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ta shiga Gusau, ta fita ta Bungudu da Maru, ta miƙe Sakkwato. Hannu biyu gare ta tun da na san ta, mai tafiya da mai dawowa, a kan faɗin da tirela biyu sai sun yi wa juna kara kafin su wuce. Dattawanmu sun ce kafin a zuba mata kwalta, kafin ma a zuba jan ƙasa, turbar fatake ce da jakuna. Daga baya ta ɗauki manyan motocin gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gusau. Yau tana ɗaukar tankoki, da shanu, da albasa, da matafiya masu addu'a tun daga tasha. Ba zan yi maganar masu tare hanya suna kwashe mutane ba, don na san za a ce ba sashenka ba ne. A kan ruwa nake magana, kuma ruwa sashenka ne.

Na biyu. A bakin garinmu hanyar ta bi ta wani kwari, sai aka ɗaga ta da ciko. Ruwan da ke gangarowa daga gonakin tudu dole ya ratsa ta kafin ya faɗa ƙorama ya tafi gulbi. Waɗanda suka fara gina hanyar, duk da ba su da na'urorinku, sun kira tsofaffin gari sun tambaye su inda ruwa ke bi da damina, suka sa kwalbati a daidai wurin. Aikin mahaifina da abokan aikinsa shi ne kula da irin waɗannan kwalbatoci. Da zarar iska ta juya, kafin ruwan fari, za ka gan su da diga da shebur suna shiga ciki a durƙushe, suna fid da yashi da kara da duk abin da rani ya tara. Baba bai iya rubuta sunansa da boko ba, amma ya san kowane kwalbati daga bakin Gusau har Bungudu kamar yadda ya san 'ya'yansa: wanda ke toshewa da wuri, wanda maciji ke kwana a ciki, wanda bakinsa ya fara tsagewa. Tun da aka sallame su ba a ɗauki wasu ba, mutanen gari ne suka ci gaba da yashe namu da kansu, ba tare da sun nemi ko sannu ba. Har gidanmu ya tsufa, ruwa bai taɓa shiga zaurensa ba.

Na uku. Bara da rani, wani ɗan kwangila ya zo gyaran wurin da hanyar ta lotsa a kan kwalbatin nan. Mun yi murna, har mata suka riƙa kai wa ma'aikata kunu. Da suka tone, suka tarar bakin kwalbatin ya fashe. Mai hankali zai sake shi. Su kuwa sai suka juye masa jan ƙasa mota bayan mota, suka danne, suka shimfiɗa kwalta mai sheƙi a kai.

Yaya Mamman ya tari shugaban ma'aikatan, ya ce masa, "Malam, nan fa hanyar ruwa ce kuke rufewa." Mutumin ya zare tabarau, ya dubi ƙoramar da ta bushe ƙayau, ya ce shi bai ga ruwa ba. Gaskiyarsa. A watan da ya zo, ko rijiyar masallaci sai an ƙara wa guga igiya. Da mai unguwa ya matsa, sai ya buɗe wata takarda a kan bonet ɗin motarsa ya nuna masa cewa babu kwalbati a cikin zane, abin da babu a zane kuwa ba a biyan kuɗinsa. Na daɗe ina koya wa ɗalibai cewa taswira hoton ƙasa ce. A wurin mutumin nan na fara jin cewa idan ƙasa ta saɓa wa taswira, ƙasar ce ta yi kuskure.

Suka tafi suka bar mana allo a bakin hanya, an rubuta cewa an kammala aiki. Allon yana nan. Shi kaɗai ne abin da ruwa bai taɓa ba, don sun kafa shi a kan tudu. Ashe sun san tudu da kwari.

Na huɗu. Da damina ta kankama, hanyar ta zama madatsar ruwa. Ban yi zaton gwamnati za ta ba garinmu dam ba tare da mun roƙa ba. Wata ranar Laraba da hantsi, washegarin ruwan da aka wuni ana yi, Yaya Mamman ya kira ni a waya ya ce in zo. Na tarar da ruwa har gwiwa a tsakar gidanmu, jajir, ɗauke da shara da kashin dabbobi da abin da ya kwaso daga masai. Warin bai bar hancina ba har yau. Rumbu ɗaya ya zauna a cikin ruwa, dawar da ke ciki ta tsira a zangarniyarta. Katangar gabas ta ɗakin Inna ta faɗi. Inna kuwa, tsohuwar da ba ta iya miƙewa sai da sanda, na same ta an ɗora ta a kan amalanke da akuyarta a gefe, ana tura ta zuwa gidan maƙwabta. Gidaje shida ne a kwarin, babu wanda ya tsira. Da ruwan ya janye, sauro ya gaje shi, zazzaɓi ya bi gida gida.

Na roƙi Inna ta dawo wurina a Gusau. Ta dube ni ta ce, "A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na wanke ka, kuma kwaltar wani ba ta fid da ni." Wanda ya san tsofaffinmu ya san an rufe magana. Mun sake ɗora katangar da ta faɗi, amma sauran ukun sun sha ruwa har ƙugu, gishiri ya fito musu, kana taɓawa suna zuba. Maginin da ya duba ya ce ba za su ɗauki wata damina irin ta bara ba. A ƙarƙashin wannan rufin mahaifiyata take kwana, ranka ya daɗe. Wannan shi ne dalilin wasiƙata, ba sha'awar rubutu ba.

Ina jin ana ta maganar mayar da hanyar nan tagwaye. Allah ya sa. Amma idan da irin wannan ido za a yi aikin, to dam biyu za mu samu.

Na biyar, kuma a nan nake so ka gyara zama. Mutanen kwarin sun yi shawara bayan sallar Juma'a a ƙofar mai unguwa. Sun yanke cewa idan hadari ya fara haɗuwa a gabas ba a buɗe kwalbatin ba, za su fasa kwaltar da hannunsu su ba ruwa hanyarsa. Na yi ƙoƙarin hana su. Na san abin da rami a tsakiyar wannan hanya yake nufi: tankar mai da ke tahowa a guje, da direban da ba ya son rage gudu saboda tsoron abin da zai fito daga daji. Na faɗa musu duk wannan. Sai Yaya Mamman ya tambaye ni wasiƙa nawa na rubuta, amsa nawa na samu.

Makon jiya na je gaishe da Inna, na tarar ta sa an jawo digar Baba daga ƙarƙashin gado, an kai wa maƙeri ya wasa ta, an yi mata sabuwar ƙota. Ba Yaya Mamman ta miƙa wa ba. Ni ta miƙa wa, ta ce tunda alƙalamin bai yi ba.

Don haka ga roƙona.

A turo wanda ya san aiki ya tone kwalbatin nan ya sa sabo kafin ruwan fari. In kuɗin sabo bai samu ba, a ba mu izini a rubuce, da ma'aikaci ɗaya da zai tsare motoci, mu za mu yi haƙan. Mun gaji aikin.

A bi hanyar daga Tsafe zuwa Bungudu a ƙafa, ba a cikin mota mai sanyi ba, a ƙirga kwalbatocin da ke ƙasa a gwada da na cikin zane. Duk inda aka rasa, a tambayi tsohon da ya fi kusa.

A kira shugaban ma'aikatan ɗan kwangilar nan ya zo garinmu a tsakiyar damina. Ba don a hukunta shi ba. Ya ce bai ga ruwa ba, muna so ya gani.

Idan kuwa duk wannan bai yiwu ba, na san ranar da muka sara kwaltar, hukuma za ta iso garinmu kafin azahar, abin da wasiƙa uku suka kasa jawowa. Ba sai an wahala da bincike ba. Mai farin gashi da tabarau, wanda bai iya riƙon diga sosai ba, ni ne. Abin da kawai nake roƙo shi ne a taho da kai a motar da za ta zo kama mu, ka leƙa ramin kafin a tafi da ni.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikinka lafiya. Allah ya raya maka mahaifiya in tana raye, ya jiƙanta in ta riga mu, kuma kada ya nuna maka ranar da za ka gan ta a kan amalanke.

Wassalam.

Naka,
Malam Garba, ɗan leburan hanya,
Gusau.