Kwakwar da na sa aka sare

Pemba, 9 ga Rajab

Zuwa ga Yayana Shaame,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyalinka a Maskat, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Kanumfari ya yi kyau bana, ƙafar Inna Mwatima ma da sauƙi, har tana zuwa gonar rogo da kanta. Sai dai ni barcina ba daɗi, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa dalili.

Ka san doguwar kwakwar nan ta bayan ɗakina, wadda ta karkata. Tun da iskar kudu ta fara take jefo mini ƙwallo a kan rufi. Makon da Baba ke kwance da zazzaɓi na kira masu gatari suka sare ta, ban shawarci kowa ba, ka dai san halina da rawar kai. Har shinkafa da kifi na dafa musu don murna.

Da Baba ya warke ya koma teku ɗauko kwandunansa na kamun kifi guda tara da ya nutsar a ƙarƙashin ruwa. Ka san ba ya ɗaura musu alama a saman ruwa saboda masu dogon hannu, tudu yake kallo ya gane wurin, ya zura ƙugiya. Kwana biyar yana kewaya duwatsun cikin teku, ko igiya bai taɓo ba. Mutanen bakin ruwa suka sa shi gaba da tsiya, wai ko kifayen ne suka yi ƙaura da gidajensu, wai tsoho ya koma gida ya yi jiran jikoki. Ya yi dariya tare da su, amma ya daina cin abincin kirki.

Ranar Laraba na kai masa kunu, ya zaunar da ni, ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa ko kai ba. Ya ce shekara arba'in yana tuƙi har sai ya hango karkatacciyar kwakwa ta hau kan hasumiyar masallaci, nan ne ramin da yake zuba kwandunansa. Yanzu kuwa ya duba ya duba, duk kwakwar iri ɗaya ce a idonsa, ashe haka makanta take sallama. Ya ce gara ya bar teku da ƙafarsa kafin a tsamo shi. Yaya, nan take na gane kwakwata ce. Na buɗe baki, sai na ji ina ce masa ya sha kunun kada ya huce. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba.

Sai ranar Asabar na iya jan hannunsa zuwa bayan ɗakina, na nuna masa kututturen. Ya daɗe yana shafa shi. Ya tambaye ni, wato idonsa lafiya ke nan? Na ce lafiya lau, Baba. Ya yi hamdala har sau uku. Sannan ya ce mini, a hankali, da na faɗa tun Laraba, don jiya Juma'a ya rabu da kwale-kwalensa, mutanen Tanga sun saya sun tafi da shi. Har yau bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kullum da asuba yana sauka bakin ruwa ya taya wasu tura nasu, ya tsaya yana kallo har su ɓace.

Ka rubuto masa, Yaya, yana jin maganarka. Ni kuma ka sa ni a addu'a.

Ka gaida Anti Zuwena da su Kombo da ƙaramar Time. Inna Mwatima da Kawu Pandu suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai neman gafara,
Mashavu