Hular da Ta Zauna Mana a Taro

Zuwa ga Yaya Mwanaesha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Mama? Ya mijinki Bakar da kwalekwalensa? Ni lafiya lau, sai sanyi, shi ma na fara sabawa. Kada ki gaya wa Mama na rame.

A wannan taron ƙasashen duniya kan teku da aka turo ni, manyan ƙasashe sun zo da wakilai hamsin-hamsin, tsibirinmu kuwa ni kaɗai ne. Jiya zama biyu suka faɗo lokaci ɗaya, na kamun kifi da na ɗagowar teku. Sai na cire hular da kika ɗinka mini, na ajiye kan teburinmu a zauren kifi, na ruga ɗayan.

Da na dawo, wakilin wata babbar ƙasa ya tare ni yana dariya: "Abokina, hularka ta fi ka sauƙin kai, ko musu ba ta yi mana ba!" Wai za su gina mana katangar tare ruwa, in mun bar jiragensu su kama kifi a tekunmu. Na ce sai na ji daga gida. Amma in an kwashe kifin, Bakar katanga zai ci?

Ga roƙona, Yaya. Idan ruwan teku ya cika ya hauro gaɓa, ki je kabarin Baba ki ƙirga taku nawa ya rage tsakaninsa da teku. Ranar da na taho, goma sha ɗaya ne. Kada ki ƙara ko ɗaya don kwantar mini da hankali. Abin da kika ƙirga, shi zan faɗa musu ranar Litinin.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Swalihi