Ni Na Sa Hannu Aka Buɗe Kan Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara shida ke nan da rasuwarki, amma har yau in abu ya sha mini kai, ke nake fara nema.

Inna, Baba ya faɗi. Yana wurin dahuwar mazarƙwaila a Taba, yana juya ruwan rake, sai muciya ta suɓuce masa. Ma'aikatansa sun ce ya buɗe baki zai yi faɗa kamar yadda ya saba, maganar ta ƙi fita. Ɓarin dama ya shanye. Daga asibitin Makarfi aka tura mu wani babban asibiti a Zariya.

Ranar farko ya kwantar mana da hankali. Idonsa biyu, yana hararar kowa. Da Baffa Sale, ƙaninsa, ya sa masa hula a karkace, ya buge masa hannu da hagu. Na ce tunda harara ta dawo, sauran ma na kan hanya. Washegari da la'asar sai barci. A tashe shi, ya buɗe ido da ƙyar, ya koma.

Likitar, wata doguwa mai magana a hankali, ta zaunar da mu. Ta ce jijiyar da ta toshe ta riga ta yi ɓarnarta, kumburi ne ke danne shi yanzu. Wai garkuwar jikinsa ce ta taso. Ƙwayoyin da ke yaƙar cuta sun yi dafifi inda ƙwaƙwalwar ta rasa jini don su kwashe abin da ya mutu, suna ƙara kumburin, har ɓangaren da ke da rai ma ba su bari ba. Kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗawa.

Na ce to a ba shi maganin da zai kore su mana. Ta ce, "In aka kore su duka, wa zai yi gyaran daga baya? Su ne dai. Ƙirjinsa ma yana bukatarsu, kada cuta ta shiga." Wai har yanzu masana na neman abin da zai hana ɓarnar ya bar gyaran. Inna, ni da nake koya wa 'yan aji biyar cewa garkuwar jiki kariya ce, na rasa inda zan ajiye wannan magana. Har yau ban gane ba, masu ceton nasa ne ko masu kashe shi?

An sa masa ruwan da ke janye kumburi, bai isa ba. Ta ce abin da ya rage shi ne a cire wani ɓangare na ƙashin kansa don ƙwaƙwalwar ta samu fili, a adana ƙashin a ƙarƙashin fatar cikinsa har kumburin ya sauka. In ba a yi ba, da wuya ya ga jibi. In an yi, zai iya rayuwa, amma ba ta yi alkawarin magana ko tafiya ba.

Baffa ya dafe kai. "Innalillahi! Kan Yaya a cikinsa? In ta Allah ta kasance, haka za mu kai shi?" Can ya tura mini takardar amincewa da aikin. "Ban hana ba, ban ce a yi ba. Ke kika yi boko." Ya tafi alwala, alwalar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa.

Kin san mijinki. Mutumin da ko sanda ba ya yarda a miƙa masa. Sau nawa ya ce mana, "Ranar da na kasa kai kaina masallaci, ku roƙa mini Allah Ya ɗauke ni"? Na tuna maganar nan da biro a hannuna. Kuma na sa hannun. Ba jarumta ba ce, Inna. Tsoro ne, na kasa jure a ce ba ke, ba shi.

Yau wata uku. Yana gida, hula ta rufe lotsawar kansa. A ɗaga shi, a kwantar da shi, a ba shi kunu a baki. In an kira salla sai ya juya fuska bango.

Magana duk ta tafi, sai kalma ɗaya. Ni 'yar fari ce, kin san tunda aka haife ni alkunya ba ta taɓa barin sa ya kama sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". To sunan nawa ne ya rage masa. Da shi yake neman ruwa, da shi yake amsa gaisuwar Baffa. Likita ta ce haka ƙwaƙwalwa kan yi, kada in ba abin fassara. Amma in na shigo sai ya zuba mini ido ya ce, "Hadiza, Hadiza," hawaye na gangarowa, ni kuma in tsaya da kofi a hannu, ban san godiya yake yi mini ba ko tuhuma.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba Baba lafiya. In na yi daidai, Allah Ya sanyaya mini zuciya. In kuwa na yi kuskure, Ya buɗe masa baki ko sau ɗaya ne, ya faɗa mini, in nemi gafararsa yana da rai.

Taki har kullum,
Hadiza